Neman fadamar Kankakee a ƙarƙashin gonakin masara

Daren da na sauka a Lafayette, a jihar Indiyana ta Amurka, ɗan yayata bai bari na gama shan shayi ba ya shimfiɗa min wata takarda a kan tebur. Karatun injiniyan noma yake yi a garin, ɓangaren ruwa da ƙasa, kuma ya san halin kawunsa. Takardar kwafin tsohuwar taswira ce da 'yan safiyon gwamnati suka zana da hannu a shekarun 1830. Murabba'ai ne a jere kamar gidan dara, kogi ya ratsa su a murɗe kamar igiyar da aka yar a ƙasa, kusan ko'ina kuma an cika da 'yan zane-zane masu kama da tsiron ciyawa. Ya ce alamar fadama ke nan.

"Kawu, gobe in Allah Ya kai mu nan zan kai ka," in ji shi, ya ɗora yatsa a tsakiyar takardar. "Sai dai ruwan ba ya nan. Gonaki za ka gani."

Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne. Na tashi ina ganin ruwa ya zo ya kwanta a fadama da damina, a kama kifi, a yanki shinkafa, in ya ja a bi sawunsa da wake da kayan lambu, Fulani su sauko da shanu da rani. Shekarun aikina ma a harkar noman rani suka ƙare. Don haka da aka ce min ga ƙasar da aka ɗauke wa fadama ɗungurungum, ban iya tsayawa in ji a bakin wani ba. Muka yi asuba muka kama hanya, tsakiyar watan Nuwamba, sanyi yana ratsa riga uku.

Daga Lafayette muka yi yamma, muka hau babbar hanya mai lamba 41, muka miƙe arewa. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai. An riga an girbe masara da waken soya, sai kututture da baƙar ƙasa iya ganin ido, da dogayen fankokin lantarki na gundumar Benton suna juyawa a hankali. Hanyoyin karkara duk a miƙe suke, kusan kowace mil ɗaya sai wata ta gitta wata. Kuma da wuya ka ga hanyar da ba lambatu a gefenta, wani zurfinsa ya ɗara tsayin mutum, ruwa yana tafiya a ƙasansa shiru, alhali an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba.

Miƙaƙƙun hanyoyin, in ji yaron, sawun 'yan safiyon nan ne. Kafin gwamnati ta sayar da ƙasa sai an yanka ta gida-gida, kowane gida mil 6 tsawo mil 6 faɗi, a sake raba shi kashi 36, kowane kashi eka 640. Da sarƙar ƙarfe mai tsawon ƙafa 66 suke awo, in an ja ta sau 80 an ci mil ɗaya. Suna tafe suna rubutawa a littafi: a sarƙa kaza muka shiga fadama, a sarƙa kaza muka fito, ga irin itacen da ke wurin, ga darajar ƙasar. Inda akwai itace sai su sare ɓawonsa ya zama shaidar kusurwa, inda ba itace su tara tudun ƙasa. Don cinikin fili suka yi wannan rubutu, ba su san wata rana shi zai zama babban mashaidi a kan abin da ya ɓace ba. Mashaidi na biyu ƙasar ce da kanta. Ƙasar da ta daɗe a cikin ruwa ba ta ɓoyuwa: in ka haƙa za ka tarar da ita toka-toka da ɗigon tsatsa, ko baƙa ƙirin da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Duk manomin fadama a gida ya san wannan launi. Da littattafan safiyo da taswirar ƙasa masana suke sake zana inda iyakar ruwan take a da. Wani rahoto na hukumar kifi da namun daji ta Amurka da ya fito a 1990 ya kiyasta cewa Indiyana tana da dausayi eka miliyan 5.6 a shekarun 1780, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar, kuma zuwa shekarun 1980 kashi 87 cikin ɗari sun tafi.

Mafi shahara a cikin abin da ya tafi ita ce fadamar kogin Kankakee, da suke furtawa Kankaki. Kogin yana tasowa kusa da birnin South Bend, ya gangara kudu maso yamma ya shiga jihar Ilinoi, can ya haɗu da kogin Des Plaines su zama kogin Ilinoi, ruwan ya ƙare a Misisipi. A ɓangaren Indiyana kaɗai, a da, tsawonsa ya kai mil 250 saboda lanƙwasa wajen 2,000 da yake yi. Gangarensa inci 5 ne a kowace mil, bai kai taƙi ɗaya ba. Ruwan da ke tafiya haka ba sauri yake ba, in ya cika sai ya bazu. Fadamar da ya haifar ta kai eka 500,000, wato wajen hekta 200,000. Asalinta kuwa ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin ƙasar ce. Da ta narke dubban shekaru da suka wuce, ruwanta ya shimfiɗa yashi a kwarin, iska ta tattara wani yashin ya zama jigayi, a can ƙasa kuma, a garin Momence na Ilinoi, wani shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ya gitta kogin kamar dokin ƙofa ya hana ruwan zurarewa. Sai kwarin ya zama tekun ciyawa da iwa, jigayin suka zama tsibirai masu itatuwa, bakin kogin kuma kurmi a cikin ruwa.

Agogon wayoyinmu ya koma baya da awa ɗaya da muka shiga gundumar Newton, don wannan kusurwar jihar lokacin Shikago take bi. Ba da jimawa ba allo ya nuna mana sunan wani ƙaramin gari: Morocco. Na sa yaron ya tsaya. Mutanen garin suna cewa lokacin da ake kafa shi a 1851, wani matafiyi ya wuce sanye da takalma masu jar fatar Maroko, aka raɗa wa garin suna da su. Na yi ta jinjina wannan labari a raina, domin jar fatar da Turawa suka sani da ta Maroko, da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato ce, majemanmu suka jeme, ayari ya haura da ita Sahara, ta fita Turai ta tashoshin arewa da sunan wasu. Ina tsaye a bakin titin ƙauyen da bai fi mutum dubu da 'yan kai ba, sai na ji kamar na tarar da sawun ɗan'uwa.

Arewa da Morocco kaɗan hanyar ta sauka wani kwari mai faɗi wanda ido ba zai lura da shi ba sai an nuna maka. "Kawu, yanzu muna tafiya a ƙasan tafki," in ji yaron. Tafkin Beaver ke nan, sunan wata dabbar ruwa mai datse rafi da itace. Shi ne tafki mafi faɗi a Indiyana a zamaninsa, tsawon mil 7, faɗin mil 5, marar zurfi, cike da kifi da agwagin daji da dinya. A 1850 majalisar Amurka ta yi dokar da ta miƙa wa jihohi filayen fadama, da sharaɗin su sayar su yi amfani da kuɗin wajen janye ruwa. Indiyana ta sami sama da eka miliyan ɗaya, kuma tarihin jihar bai ɓoye cewa an tafka maguɗi a cinikin ba. A 1853 aka haƙa lambatu daga tafkin zuwa kogin Kankakee, da yake kogin yana ƙasa da shi. Wani attajirin shanu mai suna Lemuel Milk ya tattara filayen wurin, aka ƙara wa lambatun zurfi da faɗi, zuwa wajen 1880 tafki ya zama labari. Tsofaffin yankin sun bar bayanin yadda kifi ya yi ta ruɓewa a cikin taɓo, da 'ya'yan dinya da ba su isa tashi ba suna bin ruwan da ke guje musu. Na taɓa ganin kududdufi yana ƙafewa da tarwaɗa a ciki, na san warin. Na kasa kwatanta na mil bakwai.

Muka karkata zuwa wani tudun yashi da ake kira tsibirin Bogus, wato tsibirin jabu. Da ruwa yana nan, masu buga jabun kuɗi da ɓarayin dawakai ne suka mai da shi maɓoya, don ba mai isa wurin sai wanda ya san hanyar cikin iwa. Yau da mota ake zuwa gindinsa. Muka hau da ƙafa, yashi yana zamewa ƙarƙashin takalmi, lallausan yashi irin na jigawar gida. Daga sama ne na fara fahimtar taswirar da kyau. Duk inda ka hango kurmin itatuwa a kan ɗan tudu, tsibiri ne a da. Duk shimfiɗar da ke tsakani, ruwa ne.

Wannan yanki yanzu yana hannun wata ƙungiyar kare muhalli, The Nature Conservancy, wadda ta sayi sama da eka 7,000 a ƙarshen 1996 ta sa wa wurin suna Kankakee Sands. Sun toshe wasu ƙananan lambatu, sun tattaro irin ciyayi da furannin asali sama da iri 600 sun sake shukawa, a 2016 kuma suka kawo baunar Amurka guda 23 don su yi kiwo. Mun hango garken can nesa, baƙaƙe, kawunansu a ƙasa, tururi yana fita daga hancinsu. Ciyawar ta bushe ta yi ja-ja kamar gamba da kaka, wata ta kai min kafaɗa. Aiki ne na gaske, kuma na yaba. Amma tafkin bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba muddin babban lambatun yana aiki, ga gonakin maƙwabta da hanya mai lamba 41 a cikinsa. Na lura masu aikin ba su ma yi wannan da'awa ba. Abin da suka iya cetowa suke nunawa.

Bayan mun yi azahar a gefen mota, iska tana neman ɗauke sallaya, muka wuce Lake Village muka nemi iyakar jihohin biyu. Akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe a kan kogin da aka daina bi da mota. A wurin nan ne na ga abin da ya fi tsaya min a rai a ranar farko. In ka dubi gabas, ɓangaren Indiyana, kogin a miƙe yake ɗoɗar kamar an ja zare, da tudun ƙasa a gefe da gefe. In ka juya yamma, ɓangaren Ilinoi, ko mita ɗari biyu ba ka gani ya lanƙwashe ya shige cikin itatuwa. Kogi ɗaya, ruwa ɗaya, hukuma biyu.

Yadda aka yi shi ne, da farko an ɗauka dutsen Momence ne kaɗai matsalar. A 1893 jihar Indiyana ta kashe kuɗinta aka fasa wani sashe na dutsen, ko da yake a cikin Ilinoi yake. Ruwa ya ragu, fadama ba ta tafi ba. Abin da ya gama da ita jiragen haƙa ne masu aiki da tururi. Jirgi ne da katon cokali a goshi, yana haƙa yana zubar da ƙasa dama da hagu, yana yawo a kan ruwan ramin da ya haƙa da kansa, dare da rana. Da su aka yanke lanƙwasar kogin ɗaya bayan ɗaya, aka sare kurmin bakinsa, aka jawo manyan lambatu daga kowane gefe. Zuwa wajen 1917 kogin mil 250 ya koma magudanar mil 90. Mutanen Ilinoi ba su yarda an yi wa nasu haka ba, shi ya sa daga iyaka zuwa Momence, tafiyar mil goma ko kusa da haka, kogin yana nan da tsohuwar ɗabi'arsa. Muka bi gefensa har garin. Matattun rassan kogi, itatuwa tsaye a cikin ruwa, zalɓe a kan kututture. Yaron ya ce min ko wannan ɓangare yana shan wahala, don miƙaƙƙen kogi sauri yake, yana kwaso yashin Indiyana ya zo ya jibge inda ruwa ya rage gudu, ya cike guraben kifi. Mai datsa a sama da mai shan wahala a ƙasa, wannan rigima na san ta tun ina yaro.

Muka kwana a wani masauki na bakin hanya. Da safe muka koma Indiyana muka bi kogin gabas, ta ƙananan hanyoyi.

Wajen hantsi na ga bakin wani bututu ya leƙo daga bangon lambatu yana zubar da ruwa garai-garai, na ce a tsaya. Muna tsugune muna kallo sai ga wani dattijo a motar a-kori-kura, ya rage tafiya ya tambaya ko motarmu ce ta lalace. Da yaron ya gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya kashe mota ya fito. Gonar tasa ce. Ya ce kakansa ya sayi wurin bayan jiragen haƙa sun wuce, ya yi shekaru yana binne bututun yumɓu da shebur. Ya laluba bayan motar ya ɗauko mana guda ɗaya da garma ta tono: jan yumɓu gasasshe, tsawonsa kamar ƙafa ɗaya, kamar guntun indararo. Haka ake jera su baki da baki a rami mai zurfin ƙafa uku zuwa huɗu, ba a liƙe mahaɗar, ruwan ƙasa ya tsiyaya ta tsakani ya bi bututun zuwa lambatu. Yanzu na roba ake sakawa, mai ƙananan huji, inji yana binnewa yana tafiya. Hausawa suka ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A nan an tona, an same shi, an kuma yi masa hanyar fita a ƙarƙashin kowace kunya.

Na tambaye shi ko ƙasar tana biya. Ya ce masara da waken soya suna yi sosai, a baƙar ƙasar da ta fi taushi kuma maƙwabtansa na'ana'a suke nomawa ana tatsar manta. Amma bai ɓoye min sauran ba. Baƙar ƙasar nan ruɓaɓɓiyar ciyawa ce ta dubban shekaru, in ta bushe tana raguwa, iska tana ɗauka, a zamanin kakansa har wuta take kamawa ta yi ta ci a ƙarƙashin ƙasa. Inda yashi ne kuma ba ya riƙe danshi. Ya nuna mana doguwar na'urar ban-ruwa mai ƙafafun taya tsaye a tsakiyar gona. Wato a farkon shekara yana fama ya fitar da ruwa, a watan Yuli yana jawo wani daga rijiyar burtsatse yana fesawa. Na yi shiru, domin na shafe rayuwata ina neman yadda za a kai ruwa gona, ga mutumin da ke biyan kuɗi sau biyu, na kora da na kira.

Ya kuma ba mu labarin watan Fabrairun 2018, da ruwan sama ya sauka a kan ƙanƙarar da ke narkewa, kogin ya yi cikar da ba a saba gani ba, ya fasa ganuwar ƙasa a wurare, gonaki suka koma tafki. Ya ce ya tsaya a kan hanya yana kallo, agwagin daji sun sauka a inda yake shuka masara, sai ya gane abin da kakansa ya tarar. Bayan wannan ambaliya ne, a 2019, jihar ta kafa sabuwar hukumar kula da kwarin Kankakee da na kogin Yellow. Dattijon ya ce shi ba ya son fadama ta dawo, gonarsa ce abincinsa, kuma mutanen wancan zamani suna fama da zazzaɓin cizon sauro a ƙasar nan kafin a janye ruwa. Gaskiya ya faɗa. Ni da na san abin da zazzaɓi yake yi wa yara da damina ba zan raina wannan hujja ba. Muka yi musabaha, ya ce in tafi da bututun. Yana kan teburina yanzu.

Ban ga laifin wannan dattijo ba, ban ga na kakansa ba. Abin da ya dame ni shi ne waɗanda ba a tambaya ba. Fadamar nan ba kufai ba ce. Muka tsaya a gadar Baum, kudu da garin Kouts, inda wani tsohon masaukin mafarauta na katako, Collier Lodge, yake tsaye a bakin abin da a da kogi ne, yanzu mataccen reshe. Masu tonon tarihi sun haƙa gefensa sun sami shaidar zaman mutane na dubban shekaru. A ƙarshen ƙarni na 19 manyan mutane daga birane suna zuwa farauta nan, har da shugaban ƙasa Benjamin Harrison, jiragen ƙasa kuma suna kwasar agwagin daji zuwa kasuwannin Shikago. Ban da su akwai talakawan fadama: masu ɗana wa ɓeran ruwa tarko don fatarsa, masunta, masu yankan ciyawar dabbobi, masu tuƙa baƙi a kwalekwale. Ba su da takardar fili, don ba a ba da takarda a kan ruwa. Ranar da ruwa ya tafi, mai takarda ya sami gona, su kuma suka rasa sana'a.

Kafin su kuma akwai masu ƙasar, ƙabilar Potawatomi. Ta hanyar da 'yan asalin ƙasar suka saba bi ne wani Bafaranshe mai yawon binciken ƙasa, La Salle, ya ɗauki kwalekwalensa a ka daga kogin St. Joseph zuwa mafarin Kankakee a watan Disamban 1679. Wata yarjejeniya da gwamnatin Amurka ta ƙulla da Potawatomi a 1832 ta karɓe yawancin ƙasarsu a wannan yanki, 'yan safiyo suka biyo baya da sarƙa. A ranar 4 ga Satumban 1838 aka tattara mutum 859 daga ƙauyen shugabansu Menominee, kusa da garin Plymouth na yau, aka kora su da bindiga zuwa Kansas, tafiyar mil 660 cikin wata biyu. Sama da 40 suka mutu a hanya, yawancinsu yara. Da na sake duba taswirar yaron a cikin mota, sai na ga shekarunta da shekarun wannan kora kusan ɗaya ne. An fara fitar da mutanen, ruwan ya biyo bayansu.

Ba yadda za a yi ɗan Haɗeja ya ga wannan bai tuna gida ba. Mu ba lambatu aka yi mana ba, datsa aka yi a sama, Tiga a 1974, Challawa a 1992, ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita ta canza, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Na yi aiki a gonakin da ruwan Tiga ya raya, na ga alherinsu da idona. Na kuma zauna da masuntan da suka nuna min busasshen fili suka ce a nan suke jefa birgi. Na gaya wa yaron cewa masuntanmu suna da rai, ana iya zuwa a tambaye su inda ruwa yake kaiwa, a rubuta. Ya ce, "Kawu, in na dawo da kai za mu je." Na ce Allah Ya nuna mana.

La'asar sakaliya muka isa gandun Jasper-Pulaski, kusa da Medaryville, fili wajen eka 8,000 da jihar ta keɓe, inda ɗan abin da ya rage na fadamar yake. Tun daga nesa muka fara jin kukan, wani irin gurgurawa mai amo da ke fitowa daga sama ta kowace fuska. Muka hau dandamalin katako da aka gina don masu kallo, muka sami mutane da yawa sun riga mu, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, ba mai ɗaga murya.

'Yan'uwan gauraka ne. Ba su da tukkun zinariya irin na namu, toka-toka ne da jan tabo a goshi, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum. Daga Wisconsin da Michigan da ƙasar Kanada suke tasowa in sanyi ya kama, su yada zango a nan makonni kafin su wuce kudu zuwa Georgia da Florida. A shekarun 1930 sun kusa ƙarewa a wannan yanki saboda farauta da janye fadamu. Yanzu a tsakiyar Nuwamba ana ƙirga sama da dubu goma a wurin nan, wata shekarar ninkin haka. Da rana suna watsuwa cikin gonakin da aka girbe suna kalar masara, masarar da aka shuka a kan tsohuwar fadamarsu. Da yamma su taru a wannan fili.

Suna zuwa layi-layi, uku, goma, hamsin, su saki dogayen ƙafafunsu tun daga sama, su sauka a hankali. Wasu suna taɓa ƙasa sai su hau rawa, su rusuna, su buɗe fiffike, su yi tsalle, su ɗauki tsinke su cilla sama. Rawar nan na san ta. Ina yaro gauraka suna sauka a fadamar bayan garinmu bibbiyu, haka suke yi, mu kuwa muna laɓe a cikin gamba muna kallo. Na manta shekarar da na yi musu ganin ƙarshe a ƙasarmu. Ina tsaye a kan dandamalin nan, hannuwana sun ƙage da sanyi, hawaye suka zo min. Yaron ya gani, ya matso kusa da ni bai ce komai ba.

Rana ta faɗi ja a bayan itatuwa. Sai filin ya fara tashi rukuni-rukuni, kukan ya ninka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ba sa kwana a busasshiyar ƙasa, sai a tsaye cikin ruwa marar zurfi, inda duk abin da zai kusance su za su ji motsinsa. Suka bi ta kanmu ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar fikafikansu, suka nufi fadamar da ke bayan kurmin. Muka tsaya har na ƙarshe suka shige duhu, sannan muka sauko muka nemi inda za mu yi magariba.